Wa zai buga faswod idan kwamfuta ta tashi ba kowa a gabanta?

Duk wanda ya taɓa haɗa kwamfutoci biyu ko uku a ofis ko shagon buga takardu ya san wannan abin: akwai folda ɗaya a kan wata kwamfuta, ko a kan ƙaramin akwatin ajiya irin su Synology ko QNAP, kowa a nan yake zuba aikinsa. In kana zaune a gaban allo babu wata wahala, ka danna foldar, ta tambaye ka suna da faswod, ka buga, shikenan ta buɗe. Matsalar tana farawa ne ranar da kake so kwamfutar Linux ta jona foldar nan da kanta tun tana tashi, kafin kowa ya shiga, saboda akwai aikin bakof, wato ajiye kwafin fayiloli, da yake gudu da dare ko wata manhaja da take karanta fayiloli daga can. A wannan lokacin babu mutum, babu yatsan da zai taɓa kibod. Toh ke nan dole faswod ɗin ya kasance a ajiye a wani wuri a cikin kwamfutar, kuma a yanayin da ita kwamfutar za ta iya karanta shi ba tare da taimakon kowa ba. Babu wata dabara da take kauce wa wannan. Abin da ya rage maka tambaya biyu ce kawai, wa zai iya karanta wurin da ka ajiye, sannan in har an karanta, me akawun ɗin da ke da wannan faswod zai iya aikatawa a kan sabar, wato na'urar da foldar take kanta.

Bari mu fara da yaren da kwamfutocin suke magana da shi. Yawanci SMB ne. Barry Feigenbaum ne ya ƙirƙiro shi a IBM a 1983, Microsoft suka ɗauka suka mayar da shi hanyar raba fayil a Windows, sannan Andrew Tridgell na Ostareliya ya fito da Samba a 1992 don na'urorin Unix su ma su iya shiga hirar. A Linux har yau sunan da ake sa wa irin wannan jonin shi ne cifs, tsohon suna ne da ya maƙale, ko da sabon SMB3 kake amfani da shi cifs ɗin zaka rubuta. Kafin komai sai ka saka kunshin cifs-utils, a Ubuntu da Debian da apt, a Fedora da dnf. Mutane da yawa suna tsallake wannan mataki sai su yi ta samun kuskure mai ruɗarwa, alhali ƙaramin shirin mount.cifs da yake karanta fayil ɗin faswod ne babu shi a kwamfutar gaba ɗaya.

Wurin da Linux take duba abin da za ta jona lokacin tashi shi ne /etc/fstab. Kowane layi yana da gurbi shida: inda abin yake, inda za a ɗora shi, irinsa, zaɓuɓɓuka, sai lambobi biyu na ƙarshe waɗanda a harkar netwok sifili da sifili ne. Abin da ya fi zuwa wa mutum a rai, kuma wallahi ana yin sa sosai, shi ne ya rubuta username da password kai tsaye a cikin zaɓuɓɓukan nan. Zai yi aiki kuwa. Amma ka buga ls -l /etc/fstab ka gani, izininsa 644 ne, ma'ana duk wani mai akawun a kwamfutar zai iya karantawa, har da manhajojin da suke gudu a bayan fage kamar sabar yanar gizo da ba ta da wani iko. Kuma ba zaka ce bari in kulle fstab ɗin ba, don shirye-shirye da yawa suna leƙa shi. Ga kuma abin da ba a cika tunawa ba: fstab shi ne fayil na farko da mutum yake kwafa ya tura wa aboki in abu ya ƙi, ko ya ɗau hoton allo ya jefa a guruf ɗin WhatsApp yana neman taimako, da faswod ɗin ofis ɓaro-ɓaro a tsakiyar layi.

Saboda haka ake raba su. Faswod ya koma wani fayil daban wanda root, wato babban akawun mai cikakken iko a Linux, kaɗai ke iya buɗewa, shi kuma fstab ya nuna hanyar fayil ɗin kawai. Tsarin da ake bi wajen ƙirƙirar sa ma yana da muhimmanci, ka fara kulle shi tun yana fanko kafin ka zuba komai:

sudo touch /root/.smb-ofis
sudo chmod 600 /root/.smb-ofis
sudo nano /root/.smb-ofis

A ciki layi biyu ne ko uku:

username=bakof
password=abin-da-ka-zaɓa
domain=WORKGROUP

Na ce ka rubuta su a cikin edita nano, ba ka buga su a layin umarni da echo ba, don duk abin da ka buga a taminal yana zama a .bash_history, ka ɓoye faswod a wuri ɗaya ka bar shi a buɗe a wani wurin, aikin banza ke nan. Lambar 600 ɗin nan tana nufin mai fayil ya karanta ya rubuta, saura kowa ko leƙe babu, kuma tunda da sudo ka yi, root ne mai shi.

A cikin wannan ɗan fayil ɗin mai layi uku ne mutane suka fi shan wahala, kuma abin haushin ba ya gaya maka laifinsa. Kar ka sa sarari kafin alamar = ko bayanta. Kar ka sa faswod a cikin alamar zance irin yadda ake yi a wasu wurare, don zai ɗauki alamomin a matsayin wani ɓangare na faswod ɗin. Sarari ɗaya da ya maƙale a ƙarshen layi ma shi ma faswod ne a wurinsa. Sai babban mai ɓoyon, wato fayil da aka rubuta a Notepad na Windows aka kwaso da filasha: Windows tana rufe layi da haruffa biyu marasa ganuwa, Linux da ɗaya, wannan ƙarin ɗayan sai ya manne a wutsiyar faswod, kai kana kallo komai daidai, sabar kuma tana cewa ba ta san ka ba. Ka buga sudo cat -A a kan fayil ɗin, in ka ga ^M kafin alamar $ toh ga ɓarawon nan, dos2unix zai wanke shi. A ɗaya ɓangaren kuma fayil ɗin yana da wani amfani da ba na tsaro ba: faswod mai waƙafi a ciki ba ya yiwuwa a layin fstab tunda waƙafi ne ke raba zaɓuɓɓuka, amma a nan lafiya lau yake shiga.

Ina za a ajiye shi? Ni dai /root ko wata folda a ƙarƙashin /etc nake ganin ya fi. Ajiye shi a foldar gida ta mai amfani yana da illa biyu, in gidan a kulle yake da ɓoyayyen rubutu ba ya buɗewa sai mutum ya shiga, ke nan lokacin tashi fayil ɗin kamar babu shi, sannan in kana bakof ɗin gidan zuwa waccan foldar ta netwok, ka kwashi makullin ka kai shi inda kowa yake shiga da fita. Kuma ka rubuta cikakkiyar hanya, fstab bai san alamar ~ da ake taƙaita foldar gida da ita ba.

Layin fstab ɗin zai zama kamar haka:

//192.168.1.20/takardu /mnt/takardu cifs credentials=/root/.smb-ofis,uid=1000,gid=1000,nofail,x-systemd.automount 0 0

Foldar /mnt/takardu sai ka ƙirƙire ta da mkdir tukuna. In sunan foldar sabar yana da sarari a ciki sai ka rubuta \040 a madadin sararin, in ba haka ba fstab zai ɗauka gurbi na gaba aka shiga.

Yanzu ga inda ake yawan cakuɗa abubuwa, uid da gid ɗin nan, wato lambar mai amfani da lambar guruf. Akwai izini hawa biyu kuma ba ruwan ɗaya da ɗaya. Ita sabar ba ta san masu amfani da kwamfutarka ba, mutum ɗaya tak take gani, wato akawun ɗin da ke cikin fayil ɗin can, duk wanda ya taɓa foldar daga wannan kwamfuta da sunan bakof ya taɓa. Ita kuma Linux a nata gefen tana buƙatar ta nuna wani a matsayin mai fayilolin, in baka faɗa mata ba sai ta ce root ne, shi ya sa zaka ga foldar ta jonu lafiya kana iya karantawa amma ko fayil ɗaya ba ka iya ajiyewa. Da ka sa uid=1000, wanda yawanci shi ne lambar mutum na farko da aka ƙirƙira a Ubuntu ko Debian, sai ta zama taka, umarnin id zai nuna maka lambarka ta gaskiya. Wasu in sun gaji sai su maka file_mode=0777,dir_mode=0777 su huta. Wannan ba ya ƙara maka komai a wurin sabar, in ta hana akawun ɗin rubutu ta hana, abin da ya yi kawai shi ne ya buɗe wa duk wani mai akawun a kwamfutarka ƙofar yin amfani da ikon bakof. In mutum uku ne ke buƙata, ka haɗa su a guruf ɗaya ka sa gid ɗinsa da 0770.

Toh mu dawo kan tambaya ta biyu, wadda a ganina ta fi chmod ɗin nauyi nesa ba kusa ba. Izinin 600 yana tsare ka ne daga sauran masu amfani muddin Linux ɗin ce take gudu. Wanda ya samu sudo ya karanta. Wanda ya zo da filasha ya tada kwamfutar da wata Linux ɗin daban ya karanta, wanda ya zare hadis ya tafi da shi ma haka, a rubuce yake ƙarara ba a ɓoye ba. Kana iya kulle dis ɗin gaba ɗaya da LUKS, amma sai ka koma gidan jiya, wani ya zo ya buga faswod lokacin tashi, sai dai in na'urar tana da guntun TPM, ɗan guntun tsaro mai ajiye makulli, ka ɗaure makullin a jikinsa, abin da systemd-cryptenroll yake yi tun 2021. Ga yawancin ƙananan ofisoshi wannan ya yi nisa. Abin da yake hannun kowa shi ne kar ka taɓa sa akawun ɗinka na kanka ko na admin a fayil ɗin. Ka buɗe akawun na musamman a sabar don wannan aiki kaɗai, ka ba shi folda ɗaya, in karatu kawai ake buƙata ka ba shi karatu kawai, faswod ɗinsa dogo wanda ba a amfani da shi a ko'ina tunda ba mai haddace shi. Maigadi makullin get ake ba shi, ba a haɗa masa da na ɗakin maigida. In kwamfutoci biyar ne, kowacce da nata akawun ya fi, ranar da aka sace laftof ɗaya sai ka kashe nata kaɗai sauran su ci gaba da aiki.

In sabar ɗin Samba ce a kan wata Linux, ka tuna faswod ɗin Samba daban yake da na shiga kwamfutar. Sai mutumin ya wanzu a tsarin, sannan ka yi sudo smbpasswd -a bakof ka ba shi na SMB. In Windows ce kuma wadda ake shiga da akawun ɗin Microsoft, lambar PIN da kake bugawa kullum ba ita ba ce faswod, ba za ta yi aiki ta netwok ba, mafi sauƙi ka buɗe ƙaramin akawun na cikin gida a Windows ɗin ka raba masa foldar. A manyan ofisoshi masu Active Directory, tsarin Microsoft mai riƙe akawun ɗin kowa a wuri ɗaya, akwai wani tarko: dokar canza faswod duk bayan wasu watanni. An canza a sabar, an manta da fayil ɗin da ke /root, kwamfuta tana ta gwada tsohon har a kulle akawun ɗin saboda yawan kuskure, kowa ya rasa daga ina abin yake fitowa.

Sai maganar lokaci, don rabin ƙorafin "da hannu yana yi amma in na kunna ba ya yi" ba laifin faswod ba ne sam. Kwamfutar ce ta nemi foldar kafin hanya ta buɗe. systemd, shirin da ke tsara tashin Linux, ya san cifs kayan netwok ne, yana jinkirta su har sai network-online.target ya cika, don haka zaɓin _netdev da ake yawan sakawa ba dole ba ne a nan ko da yake ba ya cutarwa. Amma cikar wannan sharaɗin ya dogara ne da wani sabis kamar NetworkManager-wait-online, in a kashe yake toh ba wani jira na gaskiya. Wi-Fi ma yana da nasa halin, in an ajiye faswod ɗinsa don mutum ɗaya kawai ba zai haɗu ba sai mutumin ya shiga, kaga ke nan lokacin tashi babu netwok kwata-kwata. Mu kuma a nan muna da ƙari a kan na kowa: a ɗauke wuta, a tada janareta, komai ya kunnu lokaci guda. Kwamfuta mai SSD ta gama tashi cikin daƙiƙoƙi, rauta bai gama raba adireshi ba, akwatin ajiya kuwa yana can yana juya hadis ɗinsa sai ya ɗau mintuna. An nemi folda ba a samu ba, kuma fstab na gargajiya sau ɗaya yake nema.

Maganin da na fi yarda da shi shi ne x-systemd.automount ɗin da ke layin can sama. Da shi ba a jona komai lokacin tashi, ana dasa ɗan tarko ne a kan /mnt/takardu, duk sanda wani shiri ko mutum ya fara taɓa wurin sai a jona a lokacin, in bai yiwu ba a sake gwadawa a taɓawa ta gaba. Shi kuma nofail yana cewa ko foldar ba ta samu ba a ci gaba da tashi kar a tsaya jiranta, ba tare da shi ba kana iya zama kana kallon allo yana ƙirga daƙiƙa 90 ɗin da systemd ya saba jira. Kana iya ƙara x-systemd.mount-timeout=30 don rage jiran, da x-systemd.idle-timeout in kana so ta sauka da kanta in an daɗe ba a taɓa ta ba, wannan yana da daɗi ga laftof da ake fita da ita. Abu ɗaya dai, in aikin bakof ne ka sa ya tabbatar foldar ta jonu kafin ya fara zuba kaya, in ba haka ba a tsarin da babu automount zai cika maka dis ɗin cikin gida yana zaton sabar yake rubuta wa. Adireshin sabar kuma ka ɗaure shi a rauta ya zama ba ya canzawa, kar yau 20 gobe 23.

Kar ka gwada da sake kunna kwamfuta. Bayan ka gyara fstab ka yi sudo systemctl daemon-reload, ka duba da findmnt --verify, sannan sudo mount /mnt/takardu. In ya ƙi, lambar kuskuren tana faɗin abubuwa da yawa. Lamba 13 sabar ta ji ka amma ta ƙi ka, suna ne ko faswod ko domain ko izinin foldar. Lamba 2 yawanci sunan foldar ne ba daidai ba. 115 da 113 ba a kai ga sabar ba ma, a duba adireshi da kebul da ko an toshe ƙofa ta 445 da SMB yake bi a netwok. Lamba 112 kuwa mai cewa sabar ta mutu sau da yawa ƙarya take, sabar tana nan da ranta, yare ne bai zo ɗaya ba. Umarnin sudo dmesg zai nuna ainihin amsar da ta dawo, in ka ga STATUS_LOGON_FAILURE ka koma kan fayil ɗin faswod kai tsaye.

Maganar yaren nan tana da tarihi. SMB1 shi ne tsoho, SMB2 ya zo da Windows Vista a 2006, SMB3 da Windows 8 a 2012. A watan Mayun 2017 cutar WannaCry ta bi ta wata ɓaraka a SMB1 na Windows ta kulle kwamfutoci a ƙasashe da dama har da asibitocin gwamnati a Ingila. A shekarar ne Linux daga 4.13 ta daina ɗaukar SMB1 a matsayin na farko, Windows 10 ma ta fara zuwa ba tare da shi ba, Samba 4.11 ta kashe shi a 2019. Amma tsofaffin akwatunan ajiya da rautoci masu ramin USB da yawa shi kaɗai suka iya. Sai ka ga ana ba da shawarar a sa vers=1.0, kuma gaskiya foldar za ta buɗe nan take. Ni dai ba zan sa faswod mai daraja a kan wannan hanyar ba. A fara duba saitin na'urar ko tana da SMB2 a kashe, ko akwai sabuntawa. In SMB3 ne duka ɓangarorin, ƙara kalmar seal a zaɓuɓɓuka yana ɓoye duk abin da ke wucewa a waya.

NFS kuwa, wani yaren raba fayil wanda Sun Microsystems suka fito da shi a 1984, labarinsa daban ne, a yadda aka fi amfani da shi babu faswod ma sam. Sabar tana duba /etc/exports ta ga adireshin da aka yarda da shi, sannan ta gaskata duk lambar uid da kwamfutar ta faɗa mata. Sauƙi ne wajen tashi tunda ba abin ajiyewa, amma duk wanda ya jona laftof ɗinsa a netwok ɗin ya ɗauki adireshin da aka amince da shi zai iya cewa shi ne wane. Zaɓin root_squash yana hana root ɗin baƙo zama root a sabar, bai hana shi shigar rigar wani mai amfani ba.

Wanda yake son abin da ya fi wannan sai Kerberos, tsarin tantance mutum da tikiti na jami'ar MIT, wanda shi ne a ƙarƙashin Active Directory. A nan kwamfutar da kanta take da akawun, makullinta yana /etc/krb5.keytab, sai a rubuta sec=krb5 a fstab, in an haɗa da multiuser kowane mutum sabar za ta gan shi da sunansa maimakon kowa ya zama bakof. Ka lura ko a nan ma sirri ne a ajiye a fayil da root kaɗai ke karantawa, siffarsa ce ta canza. Yana son suna cikakke na sabar ba lambar adireshi ba, kuma yana son agogo daidai, bambancin da ya wuce minti biyar tsakanin kwamfuta da sabar ya isa a ƙi tikitin. Kwamfutocin da batirin agogonsu ya mutu, waɗanda in an ɗauke wuta suke tashi da kwanan watan shekarun baya, sai an canza musu ɗan batirin CR2032 ɗin nan an kuma kunna chrony ko systemd-timesyncd masu saita agogo ta netwok kafin a fara zancen Kerberos a kansu.